Ku Bar Tsohuwar Fijo Ta Yi Ƙorafinta

Jama'a, yau sai na faɗi abin da ke raina a kan wannan yayi na kulan maras ruwa. Sati uku ke nan duk inda masu tsofaffin motoci suka haɗu, sai wani ya zaro waya ya nuna mini bidiyon Jay Leno, Ba'amurken nan mai tarin motoci, yana yabon wani irinsa mai suna Evans. Daga nan sai ka ji an ce: "Ai shi ke nan, an yi maganin obahitin." Wa ya ce muku?

Abin nan gilaikol ne kusan zalla. Ruwa yana tafasa a digiri 100, in marfin lagireto na riƙe iska ya ɗan haura 120. Shi kuwa sai ya wuce 180 kafin ya motsa. To amma rashin tafasa daban, sanyaya inji daban. Wajen kwasar zafi ruwa ya fi shi nesa, domin abin da gilaikol ke ɗauka kusan kashi biyu bisa uku ne na abin da ruwa ke ɗauka, ga shi da kauri, wata-famfo na shan wahalar tura shi. Injin da ke zafi jiya, yau ma zafi yake yi, wataƙila har ya ƙara. Tururi ne kawai ba ka gani.

Kuma tururin nan shi ne bakin mota. Da shi take ce maka ka tsaya.

Wani aminina yana da 504 ta gado, haɗin Kaduna, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a can tun 1975. Duk watan Afrilu in ya shiga cunkoson Kano sai ta yi aman ruwa. Ya yi odar galan-galan na wannan kulan daga waje, kuɗin da ya isa a saka masa sabon lagireto har a ba shi canji. Ya kira ni yana murna wai ta daina tafasa. Na ce allurar zafi fa? Ya ce ta ɗan hau, amma ba komai. Ba a yi wata biyu ba muka haɗu a gareji, an sauke kan silinda, gasket ya ƙone. Bakaniken, dattijo ne da ya tsufa a kan Fijo, ya narkar da dalma ya ɓare saman lagireton, ya ce, "Alhaji, matso ka gani." Muka leƙa. Fiye da rabin 'yan bututun sun toshe da farin ƙanzo mai kama da kanwa, aikin ruwan rijiya na shekara da shekaru. Ya zura siririn ƙarfe a ɗaya, ya ƙi shiga ko rabin yatsa. Ya ce, "Ko me ka zuba mata, ta ina zai bi?"

An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Lagireto a toshe, fambel ya saki, tamostat wani ya cire ya yar tun tuni, sai a ɗora wa ruwa laifi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a tuna a ina muke tuƙi. Masu yin kulan ɗin da kansu sun ce kada ruwan da ya rage a inji ya wuce kashi 3 cikin 100. Sai an tsiyaye tas, an wanke da wani ruwan nasu na musamman, an auna da na'ura. To ka ɗauka tiyo ya fashe maka tsakanin Zariya da Funtuwa da rana tsaka. Me za ka zuba? Fiya wata leda shida daga hannun yaro mai talla. A nan take dukiyarka ta koma kulan na gama-gari, kuma babu shagon da za ka samu wani a kan hanyar.

Na yarda, yana da ranarsa. Inda babu ruwa tsatsa ba ta samun gindin zama, tiyo ma yana hutawa tunda matsi kaɗan ne. Motar da ke zaune a rumfa an lulluɓe ta, ana fito da ita sau uku a shekara, ta dace da shi. Irin su ne suka cika garejin Leno.

Amma tamu? Marsandinmu da Fijonmu suna zuwa ɗaurin aure a Gusau, suna ɗauko buhun masara daga ƙauye, suna tsayawa a danja rana na dukan bonet. Ni tawa, kai ta na yi wajen mai lagireto aka fashe aka wanke, na mayar mata da tamostat, na saya mata sabon marfi, na zuba kulan na kasuwa gauraye da ruwan batir. A but kuma akwai jarka mai lita huɗu. Bazarar bana allurarta ba ta wuce tsakiya ba, kuma ranar da ta wuce ina so in ga tururin da idona in tsaya.