Bikin Kammala Jami'a: Me Ake Shaidawa a Ranar?



Duk lokacin da shekarar karatu ta zo ƙarshe, wayoyinmu kan cika da katin gayyata. Wane zai kare kundinsa ranar Asabar, wance ta gama lisans, ga hoto da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu. Ɗalibanmu na madarasa kuma tambayarsu ɗaya ce kullum: Malam, sa rigar nan ya halatta? Hukunci dai na masu fatawa ne. Abin da za mu duba a nan shi ne bikin kansa. Biki shaida ne da ake bayarwa a gaban jama'a cewa wane ya san abu kaza, har ana iya ba shi amanar lafiyar mutane ko 'ya'yansu ko dukiyarsu. To, shaidar nan ta gaskiya ce, ko kuwa ado ya rinjaye ta?

Mu fara da rigar, tunda ita ta fi ɗaukar ido. Asalinta jami'o'in Turai ne na farko, irin su Bolonya da Paris da Okusfod, wajen ƙarni na 12 da na 13. A wancan zamani malamai da ɗalibai ana lissafa su cikin ma'aikatan coci, don haka shigar ma'aikatan coci suke yi, ga kuma sanyin ɗakunan karatu da ke sa dole a yi lulluɓi. Da tafiya ta yi tafiya sai rigar ta rabu da coci, ta koma alamar digiri kawai. A Amurka sai a 1895 jami'o'i suka haɗu suka tsara launuka da ɗinkin kowane mataki. Jifan hula sama da yara ke kwaikwayo kuwa ya fi haka ƙuruciya: an fi danganta shi da makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis a 1912, shekarar da masu fita suka samu hular hafsa kai tsaye, suka ga ba su da sauran buƙatar hular ɗalibta.

Akwai wani labari da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai hular mai kusurwa huɗu Alƙur'ani ce da ɗaliban Andalus ke ɗorawa a ka, igiyar kuma alamar shafi ce. Labarin yana da daɗin ji, amma masu yaɗa shi ba su kawo wani littafin tarihi da ya tabbatar da shi ba, kuma mai neman ilimi ba ya riƙe magana don kawai ta yi masa daɗi. Abin da ke da tushe shi ne bahasin da wani masani mai suna George Makdisi ya yi a littafinsa na 1981, inda ya nuna kamanni tsakanin ijazar koyarwa da bayar da fatawa ta makarantun Musulmi da lasisin koyarwa na jami'o'in Turai. Wasu masana tarihi sun yarda da shi, wasu sun ce kamanni ne kawai. A nan maganar ta tsaya.

Mu da ke zaune tsakanin ƙasashe rainon Faransa da rainon Ingila mun ga salo biyu. A Najeriya da Gana, jami'a kan tara dukan masu fita a rana ɗaya ko 'yan kwanaki. Malamai su shigo a jere da rigunansu, ana ɗauke da sandar jami'a a gaba, uban jami'a, wanda a jami'o'in tarayyar Najeriya sau da yawa sarki ne, ya furta cewa an ba da digiri. Tsarin yana da kwarjini, kuma yana da kyau guda da ba a musu: uban da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta yana zaune ana girmama shi. Rauninsa shi ne ba a gwada kowa a wurin. Idan ɗalibai sun yi yawa ma, tsangaya guda ake cewa ta miƙe tsaye, a ba ta digiri a dunƙule, ta zauna. Mai ƙoƙari da wanda aka jawo da ƙyar riga ɗaya suka sa.

A Nijar da Cadi da yawancin jami'o'in Kamaru kuwa, ranar da ɗalibi ya fi ji a jikinsa ita ce ranar sutunansi, wato kare kundi. Tun daga jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971 aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, har zuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka zo daga baya, salon Faransa aka gada. Ɗalibi zai tsaya shi kaɗai gaban alƙalan kundi, ya yi bayanin bincikensa cikin 'yan mintoci, su yi masa tambayoyi, ƙofa a buɗe, iyaye da abokai suna ji. Daga nan alƙalan su keɓe su yi shawara, su dawo kowa ya miƙe, a faɗi maki da daraja.

A ra'ayinmu wannan salo ya fi na farko ma'ana, domin bikin da jarrabawar abu ɗaya ne. Wanda ya halarta ya ji da kunnensa ko yaron ya san abin da ya rubuta. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa saukar Alƙur'ani zai gane tsarin. Almajiri ya riƙe allonsa mai zayyana, ya karanta a gaban malamai, idan ya yi tuntuɓe a gyara masa a bainar jama'a, sai bayan nan a ci abinci. Karatu ne gaba, walima a baya.

Matsalar ita ce yanzu walima ta fara hawa kan karatu. Kafin ranar, ɗalibi ya fi shan wahalar lissafin lemo da nama da kujeru da mai ɗaukar hoto fiye da bitar kundinsa. A wurare da dama ya zama al'ada a jera wa alƙalai abin ci da na sha daga aljihun wanda za su yanke wa hukunci. Ba mu ce ana sayen maki da kwalbar lemo ba, malamai da yawa masu amana ne. Sai dai ko a fiƙihu an ƙyamaci alƙali ya karɓi kyauta daga mai shari'a a gabansa, kuma dalilin a fili yake: idon da ya ci, shi ke jin kunya. Ka duba kuma halin da malamin ke ciki. Zaure cike da dangi, mata sun yi anko, tsohuwa ta taso tun daga ƙauye, an riga an yanka rago. Wane ne zai iya cewa a koma a sake aikin? Shi ya sa sau da yawa za ka ji an yi awa guda ana tone kurakuran kundi, shafi bayan shafi, sannan a ƙarshe a sanar da daraja mai girma, a ɓarke da guɗa. Mai sauraro sai ya rasa wanne zai gaskata, sukar ko makin.

Abu na biyu shi ne raɗa wa aji suna. A makarantun rainon Faransa akan zaɓi wani babba a sa wa rukunin masu fita sunansa, ya zama ubangidansu. Manufar mai kyau ce idan an zaɓi wanda rayuwarsa darasi ce, kamar tsohon malamin da ya ƙare ƙarfinsa a aji, ko likitar da ta yi shekaru a asibitin karkara. Amma in aka bar wa ɗalibai nauyin kuɗin biki, ai dole su nemi mai iya biyan kuɗin zaure. Sai ka ga matasa sun ɗauki sunan mutum har ƙarshen rayuwarsu, alhali ba su san komai game da shi ba in ban da ambulan da ya aiko. Ɗan'uwan wannan a maƙwabta shi ne digirin girmamawa. Abin ya yi yawa a Najeriya har shugabannin jami'o'i suka haɗu a Keffi a 2012 suka amince a daina ba masu riƙe da muƙamin gwamnati irin wannan digiri. Dokar da aka ga buƙatar kafawa ita kanta shaida ce kan yadda abin ya lalace. Ɗalibin da ya yi shekara uku ko fiye yana bincike kafin a kira shi dakta, yana kallo a miƙa wa wani sunan cikin minti biyar.

Na uku, wasannin ranar gama jarrabawa da suka yaɗu a jami'o'in Najeriya suke kuma tsallako iyaka ta waya: farar riga da kowa ke rubutu a kai, maza da mata suna yi wa juna rubutu a jiki, jerin motoci da babura ana gudu ana ihu. Har wasu jami'o'in can sun hana. Murna ba laifi ba ce, wanda ya sha wuyar shekaru ya cancanci ya yi dariya. Amma murnar da za ta sa yarinya ta koma gida da hoton da za ta yi shekaru tana roƙon a goge, ko ta kai yaro asibiti da karaya, an biya ta da tsada.

Wanda ya fi cutuwa a duk wannan shi ne ɗan talaka. Ya san abokinsa ya kama zaure, shi ma sai ya ci bashi don kada a raina gidansu. Akwai masu jinkirta kare kundi don ba su haɗa kuɗin walima ba. Washegari kuma gaskiya ta bayyana: hidimar ƙasa, ko koyarwar kwantaragi, ko zaman jiran aikin da ba a san ranar zuwansa ba, ga mai bin bashi a ƙofa. Jikkunan da aka ƙone a yini ɗaya da sun isa jarin ƙaramar sana'a. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani kan almubazzaranci a Suratul Isra'i, kuma babu inda aka cire masu digiri daga kashedin.

Magabatanmu suna da ma'auni da ya kamata mu ɗora a kan wannan biki. Ijaza takan ambaci sunan ɗalibi, da littafin da ya karanta, da malamin da ya karantar da shi, da malamin malaminsa, har zuwa marubucin. Wato akwai mutum da ya sa sunansa da mutuncinsa jingina. A wajen malaman Wangarawa na Gana da ƙasashen da ke kewaye, ba a naɗa wa mutum rawanin malanta sai ya sauke Tafsirul Jalalaini da Ashafa ta Alƙali Iyal da Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Kowa ya ga rawanin ya san littattafan da ke ƙarƙashinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Yau kuwa sai a gama biki, a gode wa mai kiɗa da mai abinci, ba a ambaci malamin firamaren da ya koya wa yaron haɗa baƙi ba.

Kada kuma mu nuna jami'a da yatsa mu manta da namu gida. Saukar Islamiyyu da madarasu ta kama wannan hanya. An ara riga da hula, an ɗora wa iyaye kuɗin anko da na kalanda da na zaure, an gayyato manyan baƙi. Yaro ɗaya ko biyu masu murya za a tsayar su karanta, sauran arba'in a miƙa musu takarda. In ka ja ɗaya gefe ka buɗe masa tsakiyar Mus'hafi, wani lokaci sai ka ji kunya. Mun ɗauki raunin taron jami'a, mun saki ƙarfin saukarmu ta asali.

Abin da ya fi kyau a bikin jami'a, wanda ya kamata a riƙe a kuma faɗaɗa, shi ne rantsuwar likitoci. Sabon likita yakan tsaya bayan kare kundinsa ya ɗauki alƙawari a gaban malamansa cewa zai riƙe sirrin majinyaci, ba zai bambanta mai kuɗi da talaka ba, ba zai yi amfani da saninsa don cuta ba. Kalmomin da ake amfani da su yau an sabunta su, musamman bayan sanarwar Janiba ta 1948, kuma likitocin Musulmi sun tsara tasu a taron Kuwait na 1981. A wannan minti ɗaya ne bikin ke tuna wa mai fita cewa an ɗora masa kaya. Me zai hana mai karatun gini, da mai lissafin kuɗi, da malamin makaranta su ma su ɗauki irin wannan alƙawari a fili?

Ga abin da muke gani zai gyara. Hukumomin jami'a su ɗauki nauyin ruwan da alƙalai za su sha, su hana ɗalibi kawo komai zauren kare kundi. Alƙalai su duba kundi tun kafin a sa rana, wanda bai nuna ba a mayar da shi a asirce, don kada taron dangi ya zama matsi. Ɗaliban aji ɗaya su haɗa walima guda mai sauƙi maimakon kowa ya yi tasa. Iyaye kuma, don Allah, ku tambayi yaro abin da ya rubuta kafin ku tambaye shi launin anko. Mu ma a masallaci muna da rawar takawa: a sanar da sunayen 'ya'yan unguwa da suka kammala, a yi musu addu'a bayan salla, mai hali da marar hali a sahu ɗaya, ba tare da kowa ya kashe dala ba. Madarasunmu kuma su koma ga ƙa'idar da muka gada, duk wanda za a ba takardar sauka ya karanta da bakinsa inda aka buɗe masa.

Kai kuma ɗalibi, in ranarka ta zo, ka yi murna, ka gode wa Allah, ka je ka gaida malamanka tun daga na allo. Rigar dai haya ce, da yamma za ka mayar. Abin da zai bi ka zuwa wurin aiki shi ne abin da ka sani da kuma amanar da ka riƙe.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, Ya buɗa musu hanyar halal. Amin. Wassalamu alaikum.