Abin da Umaru Ganda ya gada wajen Robinson

Mai karatu, in ka taɓa wucewa ta gidan al'adu na Umaru Ganda a Yamai, ko ka san mai sunan ya taɓa amsa sunan wani Ba'amurke? A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim ɗinsa "Moi, un noir", labarin samarin Nijar masu neman kuɗi a Tireshibil ta Abijan. Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin, shi ne jigon fim ɗin, sunansa a ciki kuwa Edward G. Robinson.

Shi Robinson na ainihi ɗan wasan Amurka ne, gwanin fina-finan ƴan ta'adda da masu binciken laifi, irin waɗanda Faransawa suka raɗa wa suna baƙin fim saboda duhun hotonsu da duhun zuciyar mutanen ciki. A ganina babu kamar "Double Indemnity" na Billy Wilder, na 1944. Wani ma'aikacin inshora ne ya haɗa baki da matar aure, suka kashe mijinta don su ci kuɗin inshorarsa. Robinson shi ne mai binciken kamfanin, aminin mai laifin kuma. Tun farko an gaya maka wanda ya yi kisan, domin shi da bakinsa yake ba da labari, ga harsashi a jikinsa. Abin da ke riƙe ka a kujera shi ne jin yadda mutum ya haƙa wa kansa rami, yana sane.

To, wannan muryar ce na ga Ganda ya gada, ba bindiga ko malfa ba. A fim ɗin Rouch, bayan an gama ɗaukar hoto ne ya zauna yana kallon kansa yana magana, yana kukan talauci da wahalar dako. Da ya zama mai shirya fim, sai ya yi "Cabascabo" cikin Zabarmanci, aka nuna shi a Kan ta Faransa a 1969. Soja ne ya dawo gida da ƴan kuɗinsa, abokai da mata suka yi masa caa, yana ta tuna fagen fama, har aljihu ya bushe, kowa ya watse. Ba a kashe kowa a Yamai ba, amma faɗuwar iri ɗaya ce. A nan ma na fi jin tausayi, don na Wilder kwaɗayi ya kai shi, na Ganda kuwa son a ce masa sannu ne. Ƙarshensu ya bambanta: wancan ya zube a bakin ƙofar ofis, wannan ya juya wa birni baya ya nufi karkara.

Akwai gado guda da ban so ba, watau ɗora wa mace laifin halakar namiji. Barbara Stanwyck ta yi muguwar mata a fim ɗin Wilder, ta sami yabo. Zalika Sule ta fito a "Cabascabo" da wasu fina-finan, sau da yawa a matsayin mace mai zaman kanta, sai mutanen gari suka kasa raba wasa da gaskiya, ta sha zagi. Rahmatu Keita ta ba da labarinta a "Al'lèèssi" na 2004. Zalika ta rasu a 2021, shekara 40 bayan Ganda.