Titanic: Fim ɗin da Ya San Kuɗin Kowane Ɗaki

A shekarun da gidajen bidiyo na Maraɗi ke cika maƙil bayan isha'i, tun daga unguwar Sabon Gari har nan unguwar Zariya, fim ɗin Turawa in babu dambe ko harbe-harbe a cikinsa da wuya ya kai labari. Titanic ya shigo ya karya wannan ƙa'ida. Awa uku da kwata ne, babu ɗan karate ko ɗaya, kuma tun kafin a sa kaset kowa ya san jirgin nutsewa zai yi, amma samari suka zauna a kan benci har ƙarshe. Mu da babban ruwanmu shi ne Gulbi, mai zuwa da damina ya tafi ya bar rairayi, sai kuma tafkin Madarunfa, muka haddace sunan Jack da Rose.

Wanda ya sake kallonsa yanzu da idon girma zai tarar soyayyar ce ta fi saurin tsufa a cikinsa. Abin da ke nan daram shi ne jirgin kansa, da yadda mai shirya fim ɗin, James Cameron, ya bi shi hawa-hawa yana nuna abin da kowane tikiti ya saya wa mai shi. Fim ɗin ya fito a ƙarshen 1997, ya ci kusan dalar Amurka miliyan 200, ya kwashe kyautar Oscar 11. A ganina kuɗin da aka kashe wajen gina kwatankwacin jirgin a Rosarito ta ƙasar Meziko, da kafet ɗinsa da farantansa da matakalarsa, su ne suka fi halatta, domin da waɗannan kayan ne aka ba da ainihin labarin.

A dubi shigar fasinjoji a tashar Southampton, ranar 10 ga Afrilu 1912. Ana ɗaga mota ƙirar Renault da ƙugiya ana saka ta cikin jirgi. Masu aji na ɗaya suna hawa ta gadar sama, da akwatunansu da barorinsu da karnukansu, babu mai tsayar da su. A ƙasa kuwa masu aji na uku suna layi, ma'aikacin lafiya yana tsefe gashin mutum da gemunsa yana neman ƙwarƙwata. Cameron bai sa kowa ya yi jawabi a kan wannan ba. Kyamara ta wuce ta kai, ta bar mai kallo da abin da ya gani.

Daga nan sai ɗakuna. Cal Hockley, attajirin da za a aura wa Rose, ya kama sashe guda, lamba B-52 da 54 da 56: ɗakunan kwana biyu, falo mai murhu, banɗaki, da barandarsa ta kansa mai tsawon kusan mita 15 tana kallon teku. Ma'aikaci yana zagayawa da shi yana nuna masa, shi kuwa ko kallon ma'aikacin bai yi ba. Irin wannan sashe biyu ne kacal a jirgin na gaske. Ɗaya Bruce Ismay, shugaban kamfanin White Star Line, ya zauna a ciki. Ɗayan kuma Charlotte Cardeza ta biya fam 512 ita da ɗanta da barorinsu biyu. Tikitin aji na uku yawanci bai wuce fam 7 zuwa 8 ba. Irinsa Jack ya ci a karta, ya gangara can ƙasa shi da abokinsa Fabrizio, ɗaki mai gado huɗu sama da ƙasa, suka tarar da wasu mutanen Suwidin biyu da ba sa jin harshen juna da su. Fasinjojin wannan aji sun haura 700, kuma bahon wanka biyu aka tanadar musu gaba ɗaya. Duk da haka a ma'aunin wancan zamani sun yi dace, domin ana dafa musu abinci sau uku a rana cikin kuɗin tikiti, alhali a da mai ƙaura zuwa Amurka da guzurinsa yake shiga jirgi. Murnar da Jack ke yi da gadonsa ta gaskiya ce, kuma fim ɗin ya kyauta da bai mai da ita abin tausayi ba.

Abin sha ma Cameron ya sa shi aiki. A teburin manya ana ta zuba shamfen, gaban kowa cokula da wuƙaƙe jere, har sai da wata attajira, Molly Brown, ta raɗa wa Jack ya fara da na waje ya dinga matsowa ciki. An gama ci, maza suka tashi zuwa ɗakin shan taba da barandi, inda mace ba ta shiga. A ƙasa kuwa giya ce a manyan kofuna, da kiɗan mutanen Ailan, ana rawa ana faɗuwa ana dariya. Wannan sashe na da daɗin kallo, amma nan ne na fara samun saɓani da mai fim. Ya raba mutane gida biyu da sauƙi ƙwarai: na sama duk a ɗaure suke kamar an sa musu sitaci, na ƙasa duk zuciyarsu fari fat. Cal kuwa, yadda aka rubuta shi, mugu ne tun daga hularsa har takalminsa, babu wata kafa da za a leƙa a ga mutum. Billy Zane, wanda ya fito a matsayin Cal, ya yi iya yinsa, rubutun ne bai ba shi fili ba.

Wadda aka rubuta da kyau ita ce Ruth, mahaifiyar Rose. Akwai wurin da ta sallami ƴar aikin ɗaki ta karɓi igiyar rigar matse ƙugu da hannunta, tana ja tana magana. Kuɗi sun ƙare, in ji ta. Uban ya mutu ya bar bashi da suna mai kyau, kuma sunan nan shi kaɗai ya rage su sayar. Kowane jan igiya Rose na ɗauke numfashi. Frances Fisher ta yi wasan da tsoro a idonta, tsoron macen da ta san kwanan da take yi a wannan sashe mai baranda ba da kuɗinta ba ne, kuma ranar da auren ya fasa sai ta koma ɗinki. Duk wanda ya taɓa ganin an ba da yarinya don a rufa wa gida asiri ya san wannan uwa. Shi ya sa labarin ya zauna daidai a bakin Hausawa, har aka yi masa kwaikwayo a 2003 da sunan Masoyiyata, inda Farouk Ashu-Brown ya haɗa hotunan jirgin Cameron da ƴan wasanmu.

Mutum zai ɗauka wannan rabe-raben ya nutse tare da jirgin. Yana nan, ya sake tufafi ne kawai. Kamfanin Cunard, wanda ya haɗe da White Star a 1934, har yau ɗakin da ka biya a jirginsa Queen Mary 2 shi ke yanke inda za ka ci abinci: Queens Grill, ko Princess Grill, ko Britannia. Jiragen shaƙatawa na MSC suna da abin da suke kira Yacht Club, na Norwegian kuma The Haven, wato wani yanki a saman jirgi mai wurin ninƙaya da ɗakin cin abinci da masu hidima na musamman, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai da katin mai sashe. Abin sha an mai da shi ƙunshi: ka biya kuɗin yini tun kafin tashi, ka sha iya shanka, kuma kamfanoni da dama sun shar'anta in babba ɗaya a ɗaki ya sayi ƙunshin barasa, sai sauran manyan ɗakin su ma sun saya.  Sai ladan daɗewa da kamfani. A tsarin Crown & Anchor na Royal Caribbean, kowane dare maki ɗaya ne, mai sashe kuma biyu; wanda ya tara 80 ya zama Diamond, ana ba shi abin sha huɗu kyauta kullum. Mai kuɗi har daɗewa yake yi da sauri. Alhazanmu ma sun san irin wannan a Mina, inda akwai tantin kusa da Jamra mai gado da abinci a jere, akwai kuma na can nesa.

Ban ga laifi ga wanda ya biya ya huta ba, kuma fim ɗin ma bai ce laifi ne ba. Tambayar da ya yi ita ce a ina sayen ya kamata ya tsaya. Tun kafin haɗari, Thomas Andrews, wanda ya tsara jirgin, ya gaya wa Rose cewa ya yi wurin ƙarin jeri na kwale-kwalen ceto, aka ce za su cushe wurin shan iska. Guda 20 aka ɗauka, masu cin mutum 1,178, a jirgin da ke ɗauke da sama da 2,200. Victor Garber, wanda ya fito a matsayin Andrews, ya faɗi wannan cikin sanyin murya, kuma daga lokacin da dutsen ƙanƙara ya yage gefen jirgin, fuskarsa ce agogon fim ɗin.

Awar ƙarshe da rabi ita ce gwanintar Cameron. Ruwa ya fara shiga ta ɗakin ƴan kwal da na wasiƙu, ya jiƙa ƙafafun masu aji na uku suna barci, alhali a sama ana kiɗa, Ruth kuma tana ce wa ƴar aikinta ta kunna abin ɗumama ɗaki, za ta so shayi in ta dawo. Manoman fadama daga Jiratawa har Tibiri ba sa bukatar a faɗa musu wanda ambaliya ke fara ci, kuma Maraɗi kanta sai da ruwan 1945 ya cinye tsohon gari a kwari kafin a hau tudu. Ƙofofin ƙarfe da ke tsakanin azuzuwa dokar shige da fice ta Amurka ce ta sa aka yi su, don tsoron yaɗuwar cuta. Masana tarihi suna jayayya kan ko da gangan aka bar su a kulle a daren, kuma Cameron ya ɗauki ɓangaren da ya fi zafi. Amma alƙaluman binciken da Ingila ta yi ba su bar wurin jayayya ba: cikin kowane 100, kusan 62 sun tsira a aji na ɗaya, 41 a na biyu, 25 a na uku. Yaran aji na uku 79 ne, 27 suka rayu. Kuma a wannan bincike ba a kira ko fasinja ɗaya na aji na uku ya ba da shaida ba.

Akwai wani hoto na daƙiƙa kaɗan da nake ganin ya fi dogayen jawabai. Wani magidanci Balarabe, cikin mutanen Sham da suka shiga jirgin da yawa, yana tsaye a lungu da iyalinsa, ruwa na tahowa, yana buɗe ɗan littafin koyon Turanci yana neman ma'anar rubutun da ke bango. Matarsa na kiransa ya yi sauri. Ba a sake nuna su ba.

Laifuffukan fim ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai wurare biyu, na zane da na cikin mota, da magidanci zai so ya wuce da su in da iyali ake kallo, kuma labarin ba zai rasa komai ba. Mafi nauyi shi ne abin da aka yi wa William Murdoch, mataimakin kyaftin na farko. An nuna Cal ya cusa masa kuɗi, an nuna ya harbe fasinjoji sannan ya harbe kansa, duk ba tare da tabbatacciyar shaida ba, a kan mutumin da ya mutu yana sauke kwale-kwale. Mutanen garinsu Dalbeattie a Sikotilan suka yi ca, har wani babban jami'in kamfanin Fox ya je can a 1998 ya ba da haƙuri da gudummawar fam 5,000. Ƙaga Jack da Rose halas ne ga mai ƙirƙira, amma ɗora wa mamaci na gaske laifi don fim ya yi armashi zalunci ne. Aji na biyu kuma kusan babu shi, da shi aka rasa labarin Joseph Laroche, injiniya baƙar fata ɗan Haiti da ya sa matarsa da ƴaƴansa mata biyu a kwale-kwale, shi ya tsaya.

Babban giɓin dai ma'aikata ne. Fim ɗin da ya iya lissafin tikiti haka bai tsaya kan waɗanda ba su da tikiti ko kaɗan ba. Muna ganin ƴan kwal cikin gumi da jan wuta na ɗan lokaci, Jack da Rose suna ratsa su a guje suna dariya; masu hidima kuma yawanci an nuna su ne suna tare ƙofa ko suna ihun an fasa kayan kamfani. Alhali su kusan 900 ne, kuma kusan 700 suka mutu, fiye da kowane aji. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum sama da 500. Waɗanda suka tsira suka tarar an tsayar da albashinsu tun daga daren da jirgin ya nutse. A zamaninmu ma, jirgin shaƙatawa Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana ɗaukar fasinja har 7,600, da ma'aikata sama da 2,300. A wannan sana'a yawancinsu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke fitowa, suna kwana a hawan ƙasa wata da watanni ba su ga iyalinsu ba. Cameron yana da minti 194 a hannunsa, kuma bai ba ko ɗaya daga cikin masu shara da wanke-wanke da zuba kwal na Titanic labarin kansa ba.