Istihara ko Duba? Yadda Ake Yanke Shawara a Farkon Shekara

Da zarar an gama kaka hunturu ya sauka, sai shawarwari su taru wa magidanci. Manomi na tunanin ko ya kai masararsa kasuwar Dawanau yanzu, ko ya adana ta sai bazara farashi ya tashi. Saurayi na auna tafiya cin rani Legas ko Abuja. Ga Janairu ta iso da kuɗin makaranta da na haya, ga 'ya mace da samari biyu ke nema. A irin wannan lokaci ake yawan jin mutum ya ce, "Bari in yi istihara tukuna."

Asalin abin ba shi da wuya. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Buhari ya ruwaito, mai buƙata da kansa zai yi nafila raka'a biyu, ya ambaci al'amarin, ya roƙi Allah ya sauƙaƙe masa shi in alheri ne, ya raba shi da shi in sharri ne, ya kuma sa masa yarda da abin da aka zaɓa masa. Ba a ambaci mafarki ba, ba a yi alkawarin sanin gobe ba.

Amma a unguwanni da dama istihara ta koma sana'a. Ana kai wa malam sadaka da sunan yaron da ke neman aure da na uwarsa, a dawo washegari a ji "an ga haske" ko "an ga duhu." Wani ma ƙasa zai buga a faifai, ya kira ta istihara. Abin takaici, aure kan rushe a kan mafarkin wanda bai san ango ba, alhali babu wanda ya je unguwar yaron ya tambayi halinsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da taurari. Sauya wa abin suna bai tsarkake shi ba.

Kiristocin Jos da Kaduna ma sun san wannan jarrabawa. Daren 31 ga Disamba majami'u kan cika da masu miƙa wa Allah shekara, wasu kuwa annabcin fasto kaɗai suke jira.

Istihara kuma ba ta hana shiri. Hijirar da Musulmi ke ƙirga shekara da ita ta nuna yadda tawakkali ke tafiya da shiri. A shekarar 622 Annabi (SAW) ya bar Makka ana farautarsa. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma tun da wuri. Madina tana arewa, amma suka nufi kudu, suka ɓuya kwana uku a kogon Saur. Abdullahi ɗan Abubakar na kawo labarin Ƙuraishawa da dare, Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa guzuri, Amir ɗan Fuhaira na koro tumaki su shafe sawu. Jagoran da suka ɗauka haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin. An zaɓe shi don amanarsa da sanin hanya, shi ya bi da su ta gefen teku har suka sauka Ƙuba a watan Rabi'ul Awwal.