Mabuɗin Rumbu: Soyayya da Amana a Labaran Rushewar Zamani

A wata rumfar cajin waya da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, cikin garin Kankiya, na tarar da ɗan ƙanwata da abokansa sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Fim suke kallo. Birni ya zama kufai, motoci sun yi tsatsa a kan hanya, ga saurayi da budurwa a wani kango suna raba gwangwanin abinci guda. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, Turawa dai da ƙirƙira! Duniya ta ƙare amma ana soyayya." Ban ba shi amsa a lokacin ba, sai dai maganar ta bi ni har gida.

Wannan nau'in labari na "bayan ƙarewar duniya" yana da kasuwa sosai a Amurka da Ingila. Annoba ko yaƙi ko fari ya rusa hukuma da kasuwa da asibiti, 'yan tsirarun da suka rage suna neman abin kai wa baka, a cikin haka mutum biyu su haɗu. Mai karatu Musulmi kada sunan ya ruɗe shi: ba tashin Alƙiyama ake nufi ba, don wannan ba ta da wani "bayan" da za a ƙaga wa labari. Zamani ne ya rushe, mutane suna nan.

Abin da ke jan hankalina shi ne yadda ake auna so a irin wannan hali. Babu lefe, babu zance a zaure, babu kalamai masu daɗi. Tambaya ɗaya ce: in na yi barci, zan farka in tarar da kai, in kuma tarar da guzurina? A littafin Parable of the Sower na Octavia Butler, wanda ya fito a 1993, Lauren Olamina ta tsere bayan an ƙone unguwarsu kusa da Los Angeles, ta nausa arewa a ƙafa. A hanya ta gamu da Bankole, likita wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Kafin wata maganar so ta shiga tsakaninsu, sai da kowa ya ga yadda ɗan'uwansa yake yi da ruwan sha, da gadin dare, da yaran da aka tsinta a hanya.

To ai mu ma muna da wannan, tun kafin a san fim. Tatsuniyoyinmu da yawa da yunwa suke farawa. An yi fari, gari ya bushe, Gizo ya samo wani abinci a daji, ya ci ya ƙoshi, ya goge baki, ya dawo gida yana nishi gaban Ƙoƙi da 'ya'yanta kamar shi ma bai ci komai ba. Ko labarinsa da hankaki, waɗanda suka ara masa gashin fiffike ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya hana su, suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Yara kan yi dariya, amma tsohuwar da ke ba da labarin ta san abin da take faɗa. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913. Shekara guda bayan haka, a 1914, yunwar Kakalaba ta yi wa ƙasar Hausa kaca-kaca. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, ya bi tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa Silent Violence na 1983. Gizo ba almara ce kurum ba. Hoton magidancin da ya ci amanar gidansa ne a ranar da rumbu ya yi ƙasa.

Wata dattijuwa a danginmu da ke wani ƙauye a ƙasar Kusada ta taɓa ba ni labarin farin 1973. Maigidanta zai tafi cin rani, sai ya kai ta gaban rumbu, ya nuna mata 'yan dammunan da suka rage, ya ware na iri gefe guda. Ya ce mata kome wuya kada a taɓa wannan. Wata da watanni tana haɗa tafasa da dusa tana ba yara, tana kallon geron nan safe da yamma. Da ruwan shuka ya sauka ya dawo, irin yana nan yadda ya bar shi. Ba ta ambaci sunansa ba, ba ta kuma furta kalmar so ko sau ɗaya ba, "Malam" kawai take cewa tana gyara bakin zanenta. Ni dai ban karanta labarin soyayyar da ya kai wannan nauyi ba.

Littattafanmu na soyayya sun yi aikinsu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tono rikicin dukiya da talauci tsakanin masoya, Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya fuskanci auren dole da hana yarinya karatu. Amma a mafi yawansu, har da waɗanda ake rabawa yanzu a WhatsApp da Wattpad, duniya tana tsaye daram. Matsalar iyaye ce, ko kishiya, ko wani Alhaji mai kuɗi. Tukunya tana kan murhu ko da zuciya ta karye.

Alhali ga abin da ke faruwa a yammacinmu. Mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, aka rufe kasuwanni da dama. Wanda aka ƙone wa rumbu aka kore masa shanu, zamaninsa ya riga ya rushe, ba sai an kawo masa annobar fim ba. Akwai mijin da ya sayar da gonar gado don ya fanso matarsa. Akwai kuma matar da ta dawo daga daji ta tarar ana sunkuyar da kai in ta wuce, mijin ma ya kasa haɗa ido da ita. Wannan na biyun ya fi ci mini rai, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Sai dai ba na so mu kwafo samfurin waje yadda yake. Rauninsa babba shi ne yakan share kowa ya bar mutum biyu, kamar so ba ya tsira sai dangi sun ƙare. Butler ta kauce wa wannan, don tafiyar Lauren ta ƙare ne da kafa al'umma. A wurinmu kuwa ko aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da shaidu, kuma wanda ya gudo daga ƙauyensu gidan ɗan'uwa ko na tsohon abokin kasuwa yake sauka, a share masa ɗakin soro, a ƙara ruwa a miya. Labarinmu dole ya ƙunshi surukar da za ta ce a karɓi yarinyar nan ko a ƙi, da limamin da za a kai wa maganar idda, da maƙwabciyar da ta san sirrin ta riƙe.

Marubutanmu na Katsina da Funtuwa da Kankiya, musamman mata, waɗanda su ne suka fi riƙe wannan fage: ku je ku zauna da tsofaffin da suka ga 1973 tun suna raye, ku saurari matan da suka yi gudun hijira. Ku sauya sunaye, ku rufa musu asiri, amma ku rubuta.