KAMU NAWA NE ZANENKI?

Akwai wata magana da na sha ji a bakin 'yan matanmu da suka ɗan taɓa boko, wai awon tufa da kamu awon ƙauyawa ne, wai yanzu kai ya waye, sai yadi. Har marubutan littattafanmu na soyayya sun bi sahu. Ki duba inda ake buɗe akwatunan lefe a cikin labari, za ki ji turmi kaza, leshi kaza, yadi kaza, amma da wuya ki ji ko kakar amarya ta ambaci kamu, alhali tsohuwa ce aka ce mana, ta ƙauye. Ni dai wannan bai kwanta mini ba.

Kamu shi ne tsawon hannu daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya. Kalmar ba baƙuwa ba ce, daga "kama" ta fito. Ki lura da tsohuwa in tana awo: za ta kama bakin ƙyalle da yatsu, ta ja shi zuwa gwiwar hannu, ta kama wurin da ya tsaya, ta sake ja. Kowace kamawa ɗaya, kamu ɗaya ke nan. Uwarsu ɗaya da kamun kifi, da kamun kai, da kamun ƙafa, da kamun ludayi, har da kamun amarya da muke ɓarin turare da kuɗi a kansa. Abin dariya, yarinyar da ke raina kamun zane ita ce ba ta barci saboda ɗinkin da za ta sa ranar kamu.

Kamu yana da 'yan'uwa. Taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an ware su. Gaba, in mutum ya buɗe hannuwansa biyu, ita ce ake auna igiya da zurfin rijiya da ita. Malamai kuma suna cewa zira'i, daga Larabci, ma'anarsa dai hannun ne. To in kamu jahilci ne, me za mu ce da zira'in da ke cikin littattafan fiƙihu?

Kuma ba ƙaramin ciniki aka yi da awon hannu ba. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu. A Barno kuwa sawayen auduga da suke kira gabaga kuɗi ne, da su ake sayayya. Su ma Turawan Ingila da muke kwaikwayo suna da tsohuwar kalmarsu ta awon tufa, "el", wadda asalinta hannu take nufi, daga baya suka tsayar da ita a inci 45. Yadin kansa sai a 1959 ƙasashen da ke aiki da shi suka haɗu a kan tsawo guda, santimita 91.44.

Amma fa kada a ce na rufe ido. Kamu yana da aibu, babba ma kuwa: hannu ba ɗaya ba ne. Doguwar mace da gajera ba za su taɓa samun awo ɗaya ba, kuma mai wayo ya san ya sa doguwa ta auna in zai saya, ya sa yaro ya auna in zai sayar. Nan kam yadi ya fi shi, ba musu. Sai dai sandan awon a hannun wa yake? A hannun mai kanti. Shi ke jan ƙyallen, shi ke ɗora almakashi. Ke kuwa, musamman wadda ke cikin gida sai dai ta ba da aike Shuwarin ko Dutse ko Kantin Kwari, ko ta saya wurin dillaliya, an naɗe an miƙo miki a leda, kin ce an gode. Sai kin kai wa tela ya ce Hajiya bai kai ba, hannun riga ba zai fita ba. A lokacin wa za ki kama?

Ga lissafin da iyayenmu suke riƙe da shi a ka. Yadi inci 36 ne, kamun babban mutum kuwa wajen inci 18, wato kamu biyu yadi guda. Zane falle ɗaya yadi biyu, kamu huɗu. Turmin atamfa yadi shida, falle uku, kamu goma sha biyu. In shadda ce ko yadin da ake yankowa daga bandir, aka tauye miki inci biyu kacal a kowane yadi, a yadi shida kin yi asarar inci 12, kuma kuɗinki cif kika biya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Hannu ya fi idon sani.

Abin da nake yi, na ɗora hannuna a kan tef ɗin tela sau ɗaya na san tsawon kamuna, nawa bai cika 18 ba don ni gajera ce, sai na riƙe bambancin. Duk tufar da ta shigo gidana, kafin in sallami ɗan aike sai na warware ta na bi ta kamu-kamu. Wata rana wata dillaliya ta ce, "Haba uwar gida, ba ki yarda da ni ba ne?" Na ce na yarda mana, hannun ne ya saba. Kamu ɗaya ya ɓace a cikin goma. Ta dawo da cikon washegari, har yau kuma muna ciniki.