Camama da Rigunan Aro na Ibro

Masu sukar finafinan camama sun daɗe da yanke hukunci: shirme ne, ba labari, ba darasi, sai ihu da guje-guje. Har a cikin Kannywood akwai masu ajiye su ƙasa da finafinan soyayya masu rawa da waƙa. Amma wanda ya taɓa zama gidan kallo a Gwarzo ko Getso, ko a Garo ta ƙasar Kabo, a zamanin kaset da janareto, ya san yadda benci ke cika idan aka ce Ibro za a saka. Waɗannan 'yan kallo ba wawaye ba ne. Abin da suka gada suka gani, suka gane shi.

Sana'ar barkwanci tsohuwa ce. Akwai wawan sarki a fada, da 'yan kama a kasuwa, da yaran tashe a goman tsakiyar azumi. Rediyo da talabijin suka kawo su Samanja da Karkuzu da Golobo da Ƙasimu Yero. Sai Rabilu Musa, wato Ibro, haifaffen Ɗanlasan ta Warawa a 1971, wanda ya yi shekara takwas yana aikin gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa.

Makaminsa mafi kaifi shi ne rigar aro. A duba sunayen finafinan kawai: Ibro Awilo, Ibro Usama na 2002, Ibro Saddam na 2003, Ibro Ɗan Fulani. Kullum sunansa ne a gaba, na wanda aka ara a baya. Sauran 'yan wasa suna ƙoƙarin ɓacewa cikin matsayin da aka ba su; shi kuwa da gangan yake ƙin ɓacewa. Zai sa rawani da gemu, ko kayan mawaƙin Kwango, amma muryar ta baƙauyen Kano ce, zare idon nasa ne, cikin nan mai neman tuwo ma nasa ne. Ana cikin maganar yaƙin duniya sai tsoro ko kwaɗayi ya leƙo ta ƙarƙashin rigar, ɗaki ya ɓarke da dariya. A wannan tazara, tsakanin girman riga da ƙanƙantar buƙatar mai sanye da ita, gwanintarsa take.

Haka ɗan kama ke yi tun da. Zai zauna zaman malami, ya ɗauko muryar karatu da ƙa'idarta, amma babin da zai buɗe na nama da miya ne. Dole kwaikwayon ya yi kyau har a gane malamin, ya kuma yi ɓaraka har a ga mayunwacin. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, wasan ya mutu. Ibro ya ɗauki wannan ma'auni ya ɗora shi kan mutanen da ake jin sunansu a BBC da Muryar Amurka.

Masu cewa yana wulaƙanta baƙauye ba su kalla da kyau ba. Baƙauyen ne ke riƙe da mudu, shi ke auna ɗan birni da attajiri da shugaba. Shi ya sa manomin Kabo bai ji an zage shi ba.

Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 2008, lokacin da Abubakar Rabo ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Kano, an yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya fito ya ci gaba da aiki har rasuwarsa a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa.

Finafinan soyayya sun aro daga Indiya suna ɓoye ɗinkin. Camama ta aro daga ko'ina tana nuna shi a fili, kuma da wannan ta fi su zama ta Hausa. Bayan Ibro, Bosho da Daushe da Naburaska sun riƙe fagen da ƙwazo, sai dai sun fi tsayawa kan rikicin gida da na unguwa, ba su cika ɗauko rigunan manyan duniya kamar yadda shi ya yi ba.